Baƙin fanel ɗin nan da kowa ya ce ya mutu

Shekaranjiya da la'asar muna kan kwanon wani gida muna kwance tsofaffin kaya, yaron shagona ya ci karo da wani fanel an jingine shi bayan tankin ruwa, ƙura ta rufe shi ruf har gizo-gizo ya yi gida a jiki. Ya sa gefen rigarsa ya goge, ya ƙura mai ido, sai cewa ya yi "Oga wannan gilashin taga ne ko na mota?" Wlh dariya ta kusa sa na saki sifana a kan mai gidan da ke tsaye a ƙasa. Amma ba laifinsa ba ne, shekararsa uku kacal a harkar sola, shi abin da ya buɗi ido ya gani mono ne sai ɗan poli da ya yi saura, nau'o'in fanel ɗin sola da aka saba gani, masu ƙananan gidaje murabba'i kamar dara. Wannan kuwa baƙi ne wuluk mai ɗan ja-ja idan rana ta doke shi, babu gida ko ɗaya, sai wasu siraran layuka da suka taho daga sama har ƙasa kamar an ja su da reza. Na ce mai wannan shi ne amofos, wani tsohon nau'in fanel ɗin sola, kuma kafin a haife ka yake aiki.

Ni kam tun ban san sunansa ba na san shi. Babanmu Allah ya jiƙansa yana da wata kalkuleta a rumfarsa ta Kantin Kwari, lambar 5 da 0 duk sun goge saboda dannawa, a samanta akwai wata 'yar taga mai ruwan ƙasa da aka raba gida huɗu. Aikina in na je kai abinci shi ne in ɗora babban yatsa a kan tagar in zuba ido ina kallon lambobi suna dusashewa a hankali har su ɓace, in ɗage yatsa su dawo. Sau nawa na sha ranƙwashi a kan haka, "kai bar min abu ina tsakiyar lissafi!" Sai da na girma na shiga sana'ar nan na gane ashe 'yar tagar nan sola ce, kuma irin silikon ɗin da ke cikinta shi ne dai na wancan baƙin fanel. Kamfanin Sanyo na Japan ne ya fara fito da shi kasuwa a cikin kalkuleta a 1980.

To bari in yi bayanin bambancin yadda nake yi wa yara a shago, don in ka ce za ka bi ta turancin littafi sai kowa ya yi barci. Silikon ɗin mono, ƙwayoyin zarrarsa a jere suke tsaf kamar sahun sallar Juma'a, kafaɗa da kafaɗa, kowace ƙwaya tana da hannu huɗu kuma kowane hannu yana riƙe da na maƙwabci. Kafin a samu wannan tsarin sai an narka silikon a wuta mai zafin da ya haura digiri 1,400, a jawo shi a hankali ya zama dunƙule kamar turmi, sannan a yanka shi fale-fale da waya, a yi asarar wani a garin yanka. Shi kuwa amofos babu sahu, kamar cunkoson bakin kasuwa ne ana gobe sallah, kowa ya tsaya inda ya samu. Ba a narka komai. Iskar gas ce mai suna silen ake turawa cikin wani akwati da aka zuƙe wa iska, a kunna mata lantarki ta tarwatse, silikon ɗin ya dinga sauka a kan gilashi kamar raɓa, a zafin da bai wuce digiri 200 da ɗan wani abu ba. Kaurin abin da ke sauka bai kai maikron ɗaya ba, alhali yankan mono ya kai maikron 150 ko kusa da haka, gashin kanka ɗaya ma wajen maikron 70 ne. Ka ga kenan da silikon ɗin da za a yi fanel ɗaya na mono za a iya shafe gilasai sama da ɗari. Wannan lissafin shi ne ya ruɗi manyan kamfanoni shekara da shekaru, har ni da ba ni da ko sisi a ciki in na tuna sai in ji abin ya burge ni. Ita silen ɗin fa ba abar wasa ba ce, tana haɗuwa da iska take kamawa da wuta da kanta ba ashana.

Matsalar cunkoso ita ce wasu hannuwan ba sa samun wanda za su riƙe, sai su tsaya suna reto, kuma duk elektron ɗin da rana ta taso, wato 'yar ƙwayar da ke ɗauke da wutar lantarki, yana gudu zai fita waya, hannun nan sai ya cafke shi, shi kenan wuta ta tafi a banza. Shi ya sa da farko masana suka ɗauka silikon mara tsari ba zai yi wani amfani ba. Abin da ya cece shi haidrojin ne, wanda dama yana cikin iskar silen ɗin, shi ne yake bi yana kama hannuwan da ke reto yana rufe musu baki, kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙwayoyin da ke ciki haidrojin ne. A 1975 wasu malamai biyu a jami'ar Dundee ta Sikotland, Walter Spear da Peter LeComber, suka nuna cewa za a iya yi masa barbaɗen fosfarus ko boron ya karɓa kamar yadda silikon mai tsari yake karɓa, abin da da yawa suka ce ba zai yiwu ba. Shekara ɗaya bayan nan, 1976, David Carlson da Christopher Wronski a ɗakin binciken kamfanin RCA da ke Princeton a Amurka suka haɗa sel ɗin amofos na farko, wato ɗan gidan sola guda ɗaya, yana mayar da kashi 2.4 cikin ɗari na hasken da ya sauka kansa zuwa wuta. Kaɗan ne, amma mafari kenan.

Murna ba ta daɗe ba. A 1977 shi dai Wronski ɗin tare da abokin aikinsa David Staebler suka gano wani ciwo da har yau sunansu yake amsawa, wato shi amofos hasken ranar da aka yi shi dominsa shi ne yake raunata shi. In ya sha haske na wasu watanni sai wasu hannuwan da haidrojin ya rufe su sake ɓallewa, ƙarfinsa ya sauka, wani da kashi 10 wani har kashi 30, daga nan sai ya tsaya cak ya ci gaba a haka. Abin mamakin kuma in ka gasa shi a zafin digiri 150 na 'yan awanni sai ya warke ya koma kamar sabo.

Wannan ciwon ni ya taɓa jawo min jin kunya da ba zan manta ba. Farkon fara aikina, lokacin ina bin maigidana, wani dattijo mai shagon cajin waya a wani ƙauye ya ce a haɗa mai sola mai araha, muka je wajen wani dila ya ba mu irin baƙaƙen nan guda huɗu marasa suna, an manna musu takarda a baya an rubuta wat ɗin da aka ga dama. Ranar da muka ɗaura komai lafiya lau, mita tana nuna abin arziki, dattijo har da ba mu zabi biyu. Bayan wata huɗu sai ga kira, "ɗana, abin nan naku fa la'asar tana yi batir yake kwanciya, ko rana ce ta rage?" Na hau babur na je na auna, na rasa bakin magana, na duba waya na duba kwantirola mai daidaita cajin batir na wanke gilashi tas, duk a banza. Maigidana ya ce ai yaudararmu aka yi, ni ma na tafi a haka shekaru. Daga baya da na yi karatun abin na gane gaskiyar biyu ce, akwai sauka ta ɗabi'a da kowane amofos yake yi, kamfanin kirki yana rubuta ƙarfin da fanel zai tsaya a kai bayan ya gama sauka, har ma za ka ga sabo ya fi abin da aka rubuta, shi kuwa na banza sai ya rubuta na ranar farko ya ƙara da ƙarya a kai. Mu na biyun muka kwaso. Sai da muka ƙara wa Baba fanel ɗaya daga aljihunmu, zabin nan kam sun fita da tsada.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Kenya cikin shekarun 1990 ƙananan amofos masu wat 12 zuwa 14 su ne suka cika ƙauyuka saboda su ne talaka yake iya saya ya kunna talabijin baƙi da fari, da masu bincike suka bi gida-gida suna aunawa wajen shekarar 2000 sai suka tarar wasu samfuran suna ba da abin da ya yi kusa da alƙawari, wasu kuwa sun yi ƙasa sosai. Sunan amofos ya ɓaci a Afirka ne a hannun irin waɗannan na biyun, har yau in ka ce wa tsohon mai haɗa sola amofos sai ya taɓe baki.

Su masana ba su zauna ba. Dabara ta farko ita ce a rage kaurin, don in hanya ta gajarta elektron yana isa bakin ƙofa kafin a cafke shi, to amma in ya yi siriri da yawa haske sai ya ratsa ya wuce bai sha ba. Sai suka ce to a yi hawa-hawa, sel a kan sel, kowanne siriri, na sama ya sha shuɗin haske, na tsakiya kore, na ƙasa ja, ana cakuɗa na ƙasan da jameniyam don ya iya kama jan. Wanda ya fi kowa nacewa a kan wannan wani Ba'amurke ne, Stanford Ovshinsky, mutumin da bai yi jami'a ba amma ya tara ɗaruruwan ƙirƙire-ƙirƙire. Kamfaninsa a jihar Michigan yana fitar da Uni-Solar, mai hawa uku, ba a kan gilashi ba, a kan fallen ƙarfe mai laushi da ake warwarowa daga nadi kamar bandir ɗin atamfa yana bi ta cikin inji yana fitowa ta ɗaya gefen. Ana naɗe shi kamar tabarma, a ɓare takardar baya a manna a kan kwano ba ƙusa ba ƙarfen ɗauri. Na taɓa riƙe guda ɗaya da wani ya shigo da shi gwanjo, na lanƙwasa shi da hannuna ina jiran in ji ƙas, shiru. Gaskiya ranar na yi ta juya shi kamar baƙauye.

Dabara ta biyu daga Suwizaland ta fito, jami'ar Neuchâtel, rukunin Arvind Shah a tsakiyar shekarun 1990. Su kuma suka gano in ka yawaita haidrojin a cikin gas ɗin, silikon ɗin da ke sauka yana fara yin ƙananan sahu-sahu a tsakiyar cunkoson, ba mono ba ba amofos ba, tsaka-tsaki, kuma shi wannan rana ba ta cika raunata shi ba sannan yana shan jan haske da kyau. Suka ɗora amofos a sama shi a ƙasa suka kira haɗin maikromof.

Sai kuma kasuwa ta ba su dama, ko in ce ta yi musu gadar zare. Wajen 2008 tataccen silikon ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, kilo ɗaya ya haura dala 400, kowa ya ce ai ga ranar masu shafa amofos a gilashi ta zo tunda su ɗan kaɗan suke buƙata. Applied Materials na Amurka da Oerlikon na Suwizaland, waɗanda dama sun ƙware a injinan yin gilashin talabijin, suka shiga sayar da masana'anta sukutum, ka biya a kafa maka. Kafin a gama kafa wasu ma, Chaina ta buɗe masana'antun tace silikon ta ko'ina, zuwa ƙarshen 2012 kilo ya faɗo ƙasa da dala 20. To in abin da kake taƙama da shi shi ne tsimin silikon, silikon kuma ya zama kamar ƙasa, me ya rage maka? Applied Materials ya rufe nasa layin tun 2010, kamfanin Ovshinsky ya karye a 2012, shi kansa ya rasu a shekarar, Oerlikon ya sayar wa Tokyo Electron nasa sashen a 2012, su ma a 2014 suka ce sun haƙura. Cibiyar bincike ta AIST a Japan ta ci gaba da turawa har ta kai kashi 10.2 a mai hawa ɗaya, da kashi 14 a mai hawa uku a 2016, wannan bayan ya gama saukarsa kenan, amma a ɗakin gwaji ne kuma ɗan ƙaramin yanki. Na kasuwa yawanci kashi 6 zuwa 7 yake bayarwa, maikromof ya ɗan tasar wa 10.

Mu a kan kwano ga yadda lissafin yake. Mono na yanzu mai wat 550 tsawonsa mita biyu da ɗan kai, faɗi mita ɗaya da ɗan kai, yana ba da sama da kashi 21. In amofos za ka sa ka samu wannan wutar sai ka shimfiɗa wajen ninki uku na filin, ƙarfen ɗauri ninki uku, waya ta ƙaru, kuɗin mota ya ƙaru, ga nauyin gilashi, ga shi da yawansu ba su da firam, kana ɗan sakaci ya tsage, in ruwa ya samu hanya ta gefe kuma sai ka ga ya fara cin shafen yana yin fari-fari. Sannan boltejinsu yakan yi sama amfiya ta yi ƙasa saboda siraran layukan nan duk sel ne da aka yanka da leza aka jera a jere, in ka haɗa da ƙaramar kwantirola mai araha rabin wutar a iska take tafiya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 mutane suka yo ca a kan sola, ban ga mutum ɗaya da ya zo shago ya ce amofos yake nema ba.

Amma akwai inda nake kare shi ko a gaban waye, wato zafi. Duk wat ɗin da ka gani a bayan fanel a digiri 25 aka auna shi, mu kuwa a Kano watan Afrilu iskar gari ma tana haura 40, fanel a kan kwano ya kai 65 cikin sauƙi, ka taɓa shi da tsakar rana ka ji yadda yake. Tsohon poli yana asarar wajen kashi 0.4 a kowane digiri ɗaya da ya ƙaru, ka lissafa digiri 40, kashi 16 sun tafi. Amofos wajen 0.2 yake asara, rabi kenan. Ƙari a kan haka zafin bazara yana ɗan yi masa irin gashin nan da na faɗa, yana warkar da wani ɓangare na raunin, shi ya sa a ƙasa mai zafi ya fi sakin jiki a kan ƙasar sanyi. Kuma a haske mara ƙarfi, irin na cikin ɗaki ko ƙwan lantarki, ya fi mono kuzari nesa ba kusa ba, dalilin da ya sa har gobe shi ne a kalkuleta da agogon hannu masu caji da haske.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon surutu. Yaron nan nawa da yake tambaya ko gilashin mota ne, satin da ya wuce da hannunsa ya ɗaura wa wani Alhaji fanel goma sha biyu masu rubutun HJT a kwali, yana ta yabonsu wai su ne ƙarshe. Bai san amofos ya ɗaura ba. Su Sanyo ɗin nan dai na kalkuleta, tun wajen 1990 suka yi wani tunani, tunda shi amofos mai haidrojin gwani ne wajen kama hannuwa masu reto, shi kuma yankan mono duk kyan sahunsa a fatarsa ta waje inda aka yanka hannuwa ne birjik suna reto suna cinye wuta, me zai hana a shafa masa amofos sama da ƙasa? Shafen bai wuce nanomita 5 zuwa 10 ba, wato in ka raba kaurin gashi gida dubu goma ka ɗauki ɗaya. Mono ya sha rana, amofos ya tsare ƙofa. Suka fara sayarwa a 1997 da sunan HIT, shi ne dai ake kira HJT yanzu, suka riƙe abinsu su kaɗai har haƙƙin mallakar ya ƙare wajen 2010, daga nan kowa ya shigo. Panasonic da ya haɗiye Sanyo ya kai kashi 25.6 a 2014, Kaneka na Japan ya kai 26.7 a 2017, LONGi na Chaina ya kai 26.81 a Nuwamban 2022, ya kuma haura 27 daga baya, alhali iyakar abin da silikon shi kaɗai zai iya bayarwa a lissafi kashi 29.4 ne. Duk waɗannan akwai shafen amofos a jikinsu. Hatta masu ɗora wani sabon sinadari mai shan haske da ake kira ferobskait a kan silikon da suka haura kashi 33, sel ɗin da suke sawa a ƙasa sau da yawa irin wannan ne. Wayar da kake karanta wannan da ita ma, in mai araha ce mai gilashin LCD, akwai yiwuwar ƙananan makunnan da ke bayan gilashin na amofos ne, su Spear da LeComber ɗin nan ne suka fara nuna shi a 1979.

Ba wai ina cewa kowa ya ruga ya sayi HJT ba ne fa. A zafi yana da kyau, asararsa wajen 0.25 ce a digiri, kusa da ta kakansa amofos, amma yana cin azurfa da yawa a wajen ƙerawa shi ya sa kuɗinsa yake ɗan ɗagawa, kuma TOPCon, wani nau'in mono da ya cika kasuwa yanzu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda 'yan talla suke zuzutawa ba. Ana kuma yi wa mutane burga da cewa yana shan rana ta baya, eh gaskiya ne, amma in ka kwantar da shi a kan kwano tazarar yatsa huɗu wace rana ce za ta shiga bayan? Sai in a kan dogon ƙarfe ne a fili ko saman dakali mai farin fenti. Ga kuma masu buga sitika, yau duk abin da ake yayi gobe za ka gan shi a manne a bayan fanel ɗin da ba shi ba ne, irin dilan da ya sa muka yi asarar kuɗin zabi bai ƙare ba, ni dai yanzu ko na wa ne sai na fito da shi rana na sa mita kafin in biya.

Shi wancan tsohon na bayan tanki, mai gidan ya ce mu tafi da shi ko 'yan gwangwan za su saya. Ban kai musu ba. Mun wanke shi da omo, gefe ɗaya ruwa ya ɗan ci shi ya yi fari kamar taswira, na sa yaron ya ɗora mita da kansa da misalin ƙarfe ɗaya na rana, allura ta motsa, ya dube ni ya ce "Oga wlh yana da rai." Yanzu yana saman rumfar ƙofar shago yana juya mana wata 'yar fankar DC, in hadari ya taso ta rage gudu in ya wuce ta ɗauka, maƙwabcina mai faci har ya fara jawo bencinsa kusa.